Wankan Inna Tsahara

Ramatu ta haura shekara hamsin a duniya. Ta yi wa jariran unguwar Sabon Gari ta Maraɗi wanka har ta manta yawansu, ta wanke gyambon mutanen da ko sunansu ba ta riƙe ba, amma uwar da ta haife ta ba ta taɓa barin ta zuba mata ko da ruwan alwala ba. Laifinta ɗaya ne, ita ce ɗiyar fari.

A gidansu can Jiratawa kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye Ramatu kakarta ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, daga can aka kai ta gidan miji a Maraɗi. Inna Tsahara ba ta faɗin sunanta, "waccan" take ce mata. In suka yi kiciɓis a tsakar gida sai tsohuwar ta juya ta hau yi wa kaji faɗa, ko da kuwa kajin ba su yi komai ba. Ramatu ba ta taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Haka ta taso ta gani, haka uwar Inna ta yi wa nata ɗan farin, kuma duk zuwan da za ta yi Jiratawa sai ta tarar da ƙwaryar fura a rufe a ɗakin da take sauka, ba a ce ga wanda ya aiko ba.

Sai ga shi a farkon bazara hawan jini ya kayar da Inna Tsahara a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakin dai bai mutu ba, ya ɗan karkace ne kawai, kuma wallahi abin da ya rage na bakin ya ishi gida. Autarta Mansura ta zo daga Agadas ta yi jinya har mijinta ya gaji da kiran waya ta koma. Ɗanta Inusa, wanda ke noman rani a fadamar Jiratawa, namiji ne, ba shi da damar ya kwance wa uwarsa zane, matarsa kuma ta tafi wankan gida wurin iyayenta. Wata tsohuwar maƙwabciya kan shigo ta shafa mata ruwa a fuska da hannuwa, amma ita kanta da sanda take tafiya, ina ta ga ƙarfin juya mutum?

Ramatu ta hau mashin ɗin kabu-kabu ta je da kwanon wanka da sabuni da sabon tsumma. Ta yi sallama ta ɗaga labule. Inna Tsahara ta kalle ta sau ɗaya, ta ja zane da hannunta mai lafiya har wuya, ta mai da fuska bango.

"Inusa," ta ce da bangon, "a ce ma waccan ta fita."

Ramatu ta fita, amma warin ɗakin ya biyo ta. Ta san warin nan. Ita rele ce, wato cikin mutanen unguwa da likita, asibiti ke nan, ke koya wa aiki su riƙa zagaya gidaje, kuma ta ga yadda kwanciya wuri ɗaya ke cin bayan mutum: fata ta yi ja, ta saɓule, miki ya buɗe ya yi ta nutsewa har ƙashi. Da zafin bazara kuwa abin ba ya jira. Ta tsaya a zaure da kwano a hannu, tsoro ya kama ta sosai, don ta san in ba a wanke tsohuwar nan ana juya ta ba, ba za ta ga damina ba.

A daidai lokacin nan ne aka kafa komite. Haɗin gwiwa ne tsakanin Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, don a tsara yadda za a kula da tsofaffin da ciwo ya kwantar a gida, waɗanda likita ba ta da gadon ajiye su, gida kuma bai san yadda zai yi da su ba. Ana zaman a rumfar wata ƙaramar likita a Sabon Gari. Majo Zakariya'u, babban ma'aikacin jinyar wurin, shi ke jan zaman. Akwai wakilin magajin gari da ba ya rabuwa da wayarsa, akwai limamin unguwa, akwai mutumin ƙungiyar manoman Jiratawa. Akwai Maman Lawali, shugaban ƴan kabu-kabun tashar unguwa, mutumin da in ya fara surutu sai an yi masa tayin goro ake samun hutu. Sai Na'omi, malamar lakwal, wato makaranta, daga Tibiri, wadda zumuntar matan cocinsu ta turo. Ramatu ce ke wakiltar releli.

Kowa ya faɗi abin da zai kawo. Likita za ta ba da magani da bandeji da koyarwa. Manoma za su riƙa kai zogale da tumatir gidajen majinyata. Liman da coci za su yi wa mutane magana. Maman Lawali ya daki ƙirji ya ce yaransa za su kai duk mai aikin komite inda za shi, ko da bayan Gulbi ne. Abu ɗaya ya rage, wa za a koya wa jinyar a kowane gida?

Ramatu ta ɗaga hannu.

"Majo, a ganina a ɗauki babba. Ɗan fari ga uba, ɗiyar fari ga uwa. Su ne sunka mallaki hankali, su ne sauran ke jin maganarsu. A sa shi ya zama ƙa'idar komite, kowa ya san ba son ran wani ba ne."

"Madalla, Madam Ramatu," in ji Majo. "Akwai mai ja?"

Ba wanda ya ja. Kai, jama'a! Rumfa cike da Hausawa, kowanensu ya san kunyar ɗan fari kamar yadda ya san hanyar gidansu, amma kowa ya gyaɗa kai. Wa zai buɗe baki gaban wakilin magajin gari ya ce a gidansu har yanzu ana wannan abu? Kowa ya ɗauka tasa tsohuwar ce kaɗai ta rage a baya, na sauran duk sun waye. Ita kuwa Ramatu ta san abin da take yi sarai. Tunaninta shi ne, in Inna ta ƙi jin ɗiya, ai ba za ta ƙi jin likita da liman da magajin gari a haɗe ba. Kuma a can ƙasan ranta ba mikin kaɗai take tunani ba. Tana son ta taɓa uwarta, da hannunta, kafin a rasa ta.

Aka tara ƴan fari a rumfar aka koya musu. Maman Lawali ne ya kwanta a tabarma ya zama majinyaci, ana juya shi yana nishi yana cewa a kawo masa fura da nono tukuna, mata na dariya. Aka nuna musu yadda ake lanƙwasa gwiwa a tura kafaɗa, yadda ake wanke miki da ruwan gishiri, yadda ake sa matashi tsakanin ƙafafu. Ramatu ta riga ta san duk wannan, amma ta zauna a gaba kamar sabuwar ɗaliba.

Ta roƙi Majo ya raka ta Jiratawa, ya kuwa raka ta. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gai da tsohuwa, ya yi mata bayani dalla-dalla: komite ya zauna, da malamai da hukuma, an yanke cewa babbar ɗiya ce za ta riƙa yi wa uwa wanka.

Inna Tsahara ta saurare shi har ya gama.

"Yaro, shi komiten nan ɗan wane gida ne?"

"Inna, ba mutum ɗaya ba ne, taro ne."

"To ka gai da taro. Ka ce masu ni Tsahara ban tuɓe gaban waccan ba ina da ƙafafuna, ba ni tuɓewa yanzu don na faɗi. In sun matsa, su zo su yi da kansu."

Ranar ko kunu ba ta sha ba. Washegari ma haka, sai da Inusa ya rantse mata cewa ba wanda zai ƙara kawo maganar. Ya fito ya sami yayarsa a zaure, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yaya, don Allah ki bar ta ta mutu da mutuncinta." Maganar ta soki Ramatu. Ta koma Maraɗi tana kuka a bayan kabu-kabu, mai mashin na tambayar ko gudu ne ya yi yawa.

Da aka koma zaman komite, Majo ya ce kowa ya faɗi yadda aiki ke tafiya. Mutumin Jiratawa ya ce lafiya lau. Liman ya ce alhamdu lillahi. Wakilin magajin gari ya ɗago daga waya ya ce sun ji daɗin ci gaban da ake samu. Da aka zo kan Ramatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Muna kai." Ƙarya dai ake ta zubawa cikin ladabi, bandejin da aka raba kuwa yana nan a gidaje ko buɗe shi ba a yi ba.

Sai Na'omi ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Ni dai ba ni iya wagga ƙarya. Ni ma ɗiyar fari ce. Na je ma Iyata da ruwa, ta jefe ni da kwanon sabuni, ga shaida nan." Ta ɗaga ɗankwali ta nuna ƙulu a goshi. "Hannunta guda ke aiki, amma ba ta kuskure ba. Tun da aka kawo ƙa'idar nan ko gaisuwata ba ta amsawa. A Tibiri gida nawa na zagaya, Kirista da Musulmi, duk labarin guda ne. In a Maraɗi da Jiratawa taku ta yi, ku koya mana."

Can Maman Lawali ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Wallahi Malama kin fidda mu! Ni tsohona cewa ya yi in na ƙara matso shi da soso sai ya tsine mani!"

Nan fa baki ya buɗe. Mutumin Jiratawa ya ce a wurinsu tsofaffi biyu sun daina cin abinci. Liman ya yi gyaran murya ya ce shi ma dai an kawo masa ƙara. Majo ya cire tabarau ya goge fuska, ya ce shi kansa ɗan fari ne, rabon da uwarsa ta dube shi ido cikin ido tun yana cikin zanen goyo, to me ya shiga kansa ya amince da wannan tsari? Ba wanda ya kalli Ramatu, kuma rashin kallon ya fi mata ciwo. Aka ce to a koma kan na biyu ko auta. Aka duba, mafi yawansu ba su gari: wannan na Agadas, wancan na Kano, waccan na gidan miji a Dakwaro. Ƴan farin ne a kusa, kuma su aka riga aka koya wa aikin.

Na'omi ta juyo ta dubi Ramatu.

"Yaya Ramatu, ki ba ni taki tsohuwar, in ba ki tawa. Taki ba ta jin kunyata, tawa ba ta jin taki. Aikin da munka koya bai ɓaci ba, gida kawai za mu sake."

Maganar ta yi wa kowa daɗi. Liman ya ce jinya taimako ce, bai ga abin da ya hana mace ta taimaki mace ba. Majo ya fara haɗa mutane biyu-biyu tun a wurin. Maman Lawali ya ce tafiya ta ƙaru ke nan, amma ya riga ya yi alkawari gaban mutane, bakinsa ya ja masa. Ramatu ce kaɗai abin bai kwanta mata ba. Ita da ta shirya duk wannan don hannunta ya kai ga Inna, yanzu a ce ta ɗauki uwar ta miƙa wa wata? Wata daga Tibiri ta shiga ɗakin da aka kore ta? Kishi ya taso mata. Sai kuma ta tuna abin da ke ƙarƙashin zanen nan yana ci, ba ya jiran kishin kowa.

"Na ba ki," ta ce. "Ki tafi yau, don Allah, kada ki bari sai gobe."

Haka aka yi. Ramatu ta riƙa zuwa Tibiri wurin Iya Hadassa, uwar Na'omi, ƴar ƙaramar tsohuwa mai tsagar Gobirawa da ba ta gajiya da magana. Tun ranar farko ta miƙa mata hannu ta ce, "Taho ɗiyata, ke kam ba ni jifar ki." Ramatu na cuɗa mata baya ita kuwa tana ba da labari, kuma labarin duk na mutum ɗaya ne. Yarinyar nan tun tana ƙarama ta fi kowa kai. Yarinyar nan ita ta yi mani rufin kwano. Yarinyar nan in ta yi waƙa a coci har maza ke share hawaye. Ba ta faɗin sunan, amma ba ta da wata hira sai ta Na'omi. Ramatu ta kwashe duka ta kai wa mai shi, Na'omi ta zauna a gefen hanya ta rufe fuska da gyale, don ba ta taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba.

A ranakun Jiratawa kuwa tare suke tafiya. Ramatu ba ta wuce tsakar gida. Ita ke hura wuta ta ɗumama ruwa, ta gwada shi da gwiwar hannu, ta miƙa ta gefen labule. Ita ke wanke zannuwan da Na'omi ke turowa, ta shanya, ta ninke. Daga inda take zaune tana jin komai. Ranar farko Inna ta yi ta mita, ta ce hannun Na'omi sanyi gare shi kamar na mai sayar da ƙanƙara. Ba a daɗe ba sai ga Inna na dariya, dariya sosai, irin wadda Ramatu ba ta taɓa ji daga kusa ba. Tana murna tana jin haushi, duka a lokaci guda, ta rasa wanda za ta bi.

Mikin ya tsaya, ya fara tsukewa daga gefe. Majo ya aiko da wata ma'aikaciya ta duba ta ce an ci ƙarfinsa. Warin ya bar ɗakin. Inna ta koma cin tuwo, har tana aika Inusa ya tsinko mata mangwaro.

Wata rana suna jiran ƴan kabu-kabu a bakin hanya, Ramatu ta daure ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta.

"Na'omi, ni fa? Mi take cewa a kaina?"

Na'omi ta hau wasa da hannun jakarta. Mace ce da ba ta iya ƙarya ba, ko ta lallashi.

"Yaya, ba ta ce komi ba tukuna. Hirarta ta gona ce da mutanen da."

"To," in ji Ramatu. "Ba komi." Amma da komai, don ranar ba ta iya cin abincin rana ba. Ta ce wa ranta ai an samu abin da ake nema, tsohuwa ta tashi daga bakin kabari, sauran kuma son zuciya ne. Ta faɗa wa kanta haka sau da yawa, ran bai yarda ba.

Damina ta sauka, fadama ta yi kore. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, itace ya jiƙe, Ramatu na durƙushe tana fama da hayaƙi a kusa da ƙofar ɗakin, don nan ne kaɗai rumfa ba ta zuba. A ciki Na'omi ta gama wankan, tana shafa wa Inna man kaɗanya. Sai Ramatu ta ji tsohuwar ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Na'omi."

"Na'am, Inna."

"Kin iya wanka, Allah shi yi maki albarka. Amma akwai wanda ba naki ba ne. Ranar da Mai sama ya kira ni, ke da addininki, mu da namu, ba a barin ki ki sa hannu."

"Haba Inna, wace irin magana ce wagga da safe? Kin ga fa kin warke."

"Yi shiru in gama. Ban son a kwaso mani matan unguwa su zo suna jujjuya ni suna kallon bayana. Mansura kuma tsoro gare ta, ko kaza ba ta iya riƙewa a yanka. Ki ce ma waccan ita za ta yi. Ita kaɗai, sai mai zuba mata ruwa. Na ji yadda take gwada ruwan nan, bai taɓa ƙona ni ba, bai taɓa yi mani sanyi ba. Hannunta nike so a kaina ranar nan."

Ramatu ta saki maficin da ke hannunta.

"Inna," in ji Na'omi a hankali, "ai tana nan bakin ƙofa. Tana jin ki."

"Na sani. Ke nike faɗa mawa."

Ramatu ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin da ta yi shekara da shekaru tana nema ga shi an ba ta, amma sai ranar da Inna ba za ta ji hannun ba. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mata, hawaye na zuba ba ta ko share su. Labulen na nan gabanta, taku ɗaya ne, ta san in ta ɗaga shi tsohuwar za ta mai da fuska bango. Ba ta ɗaga ba. Sai ta matsa kusa da ƙofar.

"Na'omi," ta ce, "ki ce mata na ji. Ki ce mata zan yi."